Ryzen 7 5700X ga mai haɗa bidiyo da rana, buga gem da dare

Duk wanda kwamfutarsa ke kan soket ɗin AM4, wato mazaunin furosesa na kamfanin AMD, kuma yake neman furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfuta, da zai ɗauki aiki da gem a tare, Ryzen 7 5700X nake ba shi shawara ya saya. Ni sana'ata haɗa bidiyon biki da na suna a manhajar DaVinci Resolve, da dare kuma ina taɓa gem ɗin Warzone da na ƙwallo. Ryzen 5 2600 nake amfani da shi a da, wanda ya fito a 2018 da ƙwayoyin aiki 6. Ya yi mini hidima, amma da aka fara kawo mini ɗaukar 4K sai numfashinsa ya ƙare: hoto na tsinkewa, mai biki na ta kira.

AMD ta fitar da 5700X a 2022. Ƙwayoyinsa 8 ne, layukan aiki 16, gudunsa na kaiwa 4.6GHz. Abin da ya fi jan hankalina shi ne wat 65 da aka rubuta masa, daidai da tsohon nawa. Wanda ke zaune a Kano cikin watan Afrilu, ɗaki kamar tanderu, kuma rabin aikinsa a kan inbata yake, ya san darajar wannan. Ban canza bod ɗin B450, wato babban allon kwamfutar, ba, ban canza RAM ɗin DDR4 ba. Da na koma sabon soket na AM5, dole sai sabon bod da DDR5, kuɗin da gara in ƙara a katin hoto.

Na daɗe ina auna shi da 5800X3D. Gaskiya a gem wancan ya fi shi, domin ma'ajiyarsa ta L3, wadda ke cikin furosesan, megabait 96 ce, wannan kuwa 32. Sai dai 5800X3D wat 105 yake, yana da zafi, ya fi tsada, kuma a wajen fitar da bidiyo wannan ƙarin ma'ajiya kusan ba ta tsinana komai, tunda yawan ƙwayoyinsu ɗaya ne. In gem ne kaɗai gabanka, je ka gare shi. Ni abincina a bidiyo yake. Yanzu ina jan hoto gaba da baya babu gargada, Warzone ma ya daina yawan fizgar nan da yake yi in an shiga gumurzu.

5700X ma yana da nasa aibin. Babu fanka a kwalinsa, sai ka sayi taka, kuma ba ya fitar da hoto da kansa, dole sai da katin hoto.

Wajen ɗaurawa a kula sosai. Ka sabunta BIOS, wato manhajar da ke cikin bod, tun tsohon furosesan yana ciki, in ba haka ba bod ɗin ba zai gane sabon ba. Kuma kada ka fara sai kana kan inbata ko UPS, domin ɗauke wuta a tsakiyar wannan aiki na iya kashe bod. Kafin cire tsohuwar fanka, bar kwamfutar ta ɗan yi aiki man da ke tsakanin fankar da furosesan ya yi laushi, sannan ka murɗa a hankali. In ka fizga kai tsaye, furosesan na biyo fankar, alluransa su lanƙwashe. Mai sayen na hannu kuma ya haska alluran da fitilar waya, layi bayan layi, kafin ya miƙa kuɗi.