Ɗan akwatin Littafi Mai Tsarki mai magana da na saya wa Inna, bayan wata takwas

Salama 'yan'uwa. Tun Kirsimeti mata biyu uku a Zumuntar Mata suke ta tambayata wai ya na ga ɗan na'urar nan da na saya wa mahaifiyata, mai karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, ko yana da kyau su ma su saya wa iyayensu. Na ƙi yin magana da wuri ne don ina so abin ya sha hunturu ya sha bazara ya shiga damina tukuna, yanzu kam wata takwas kenan yana hannun Inna don haka zan faɗi abin da na gani, mai daɗi da mara daɗi.

Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, ɗan abu ne bai kai tafin hannu ba, kamar ƙaramar waya mai madanni, da sifika a gaba, a bayansa kuma akwai ɗan gilashin sola. Ba ya bukatar data, ba ya bukatar layi, babu ruwansa da sabis. An zuba masa Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya daga Farawa har Wahayi, littattafai 66 ɗin nan cif, 39 na Tsohon Alkawari 27 na Sabo, kina danna maɓalli murya ta fara karantawa. A wani shagon littattafan Kirista na same shi, kuɗinsa ya ɗan haura na ƙaramar waya kaɗan, kuma a yadda ɗinki yake tafiya yanzu sai da na yi adashe na wata biyu kafin na ɗauka.

Dalilin da ya sa na saya shi ne idon Inna. Yanar ido ce ta rufe mata gani sannu a hankali, shekara uku kenan ba ta iya ganin rubutu. Matar nan ba ta yi boko ba, ajin yaƙi da jahilci na coci ta shiga bayan ta haife mu, da fitilar ƙwai ta koyi haɗa baƙi don kawai ta karanta Maganar Allah da kanta, kuma tun ina yarinya ban taɓa tashi da asuba ban same ta zaune bakin gado da littafinta a cinya ba tana bin layi da yatsa tana motsa baki. Da idon ya tafi sai ta koma jiran jikoki su dawo daga makaranta su karanta mata, yara kuwa kun san su, yau sun karanta aya biyar gobe sun gudu ƙwallo, wasu ma Hausar ba sa iya karanta ta da kyau sai su yi ta in'ina har ta ce su bari. Babanmu da yake karanta mata ya rasu. Ranar da na je gida na ga littafin nata a cikin kwalla ta naɗe shi da ɗankwali ta ajiye, na fita bayan ɗaki na yi kuka na.

Toh, ranar da na kai mata, na kunna Zabura 23. Da muryar ta ce "Ubangiji makiyayina ne, ba zan rasa kome ba" sai Inna ta miƙo hannu tana lalube, ta karɓa ta kara a kunne duk da ƙarar ta isa kowa ya ji a tsakar gida. Ba ta ce komai ba har ya ƙare. Sai ta ce, 'yar nan, mai da shi baya. Sau huɗu muka ji a zama ɗaya.

Abu na farko da zan yaba shi ne muryar. Namiji ne dattijo yake karatun, ba ya sauri, Hausarsa tsaf babu cin harafi, irin karatun da tsohuwa za ta bi ba tare da ta ce me ya ce ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne don na taɓa saukar da wani karatun a wayata da mai karantawar yake gudu kamar ana korarsa. Ƙarar ma ta isa, in ta zauna ƙarƙashin darbejiya tana ɓarar gyaɗa mata uku huɗu suna jinsa sarai. Amma in aka ƙure ƙarar har ƙarshe sifikar tana ɗan karkarwa, musamman wajen kalmomi masu s da sh, gara a bar ta tsaka-tsaki.

Batir yana riƙe caji sosai, wannan kam ba ni da ƙorafi. In ya cika yana yi mata kwana biyu zuwa uku da sauraron safe da na dare. Solar ce dai ba ta kai yadda mai shago ya zuzuta min ba. A watan Maris da Afrilu lafiya lau, ta ɗora shi kan rufin rumbu da hantsi kafin la'asar ya ƙoshi. Amma da hazo ya sauko a Janairu wuni guda a rana bai cika shi ba, yanzu kuma da damina in hadari ya kwana biyu sai dai a aika yaro kasuwa wurin masu cajin waya a biya. Akwai ramin caji irin na waya, sai dai ramin ya fara sako-sako tun wata na biyar, sai an tokare igiyar da wani abu kafin ya kama. Wannan ya ɓata min rai gaskiya, abin da aka yi don tsofaffi da mutanen ƙauye ai kamata ya yi a yi shi da ƙwari.

Babbar matsalarsa maɓallai ne. Ƙanana ne, duk girmansu ɗaya, kuma an jera su kusa da juna. Ku tuna fa wa aka yi wa abin, wanda ba ya gani. Littafi Mai Tsarki sura 1,189 ne, babu allo, babu inda za ka rubuta lamba, sai dai ka yi ta dannawa littafi bayan littafi sura bayan sura. In kana Farawa kana son Zabura 121 sai ka tsallake littafi goma sha takwas sannan ka hau danna sura ɗaya bayan ɗaya. Satin farko Inna ta kira ni da wayar maƙwabta tana cewa abin ya ɓace mata ya shiga wani wuri sai sunaye ake ta jerowa wane ya haifi wane, ashe Tarihi na Ɗaya ta faɗa. Dabarar da muka yi, ƙanena ya ɗiga ɗan jan farce mai kauri a kan maɓallin kunnawa da na tsallake littafi ya bushe ya yi tudu, da yatsa take gane su yanzu. Abu ɗaya da ya taimaka, in ka kashe ka sake kunnawa yana ci gaba daga inda ka tsaya, wannan kam wanda ya yi tunaninsa Allah ya yi masa albarka.

Sai maganar fassara, wadda ban yi tunaninta ba sam kafin in saya. Inna da tsohuwar fassara ta tashi, wadda Dakta Miller na Wusasa da abokan aikinsa suka yi ta fito a 1932, irin wadda ake cewa Matta da Yohanna da Ruya ta Yohanna. Na'urar kuwa sabuwar Hausa ce a ciki, Matiyu da Yahaya da Wahayi, kamar yadda muka saba a fassarar 1979 da yawancinmu muke riƙewa a coci. Ayoyin da ta haddace shekara arba'in sai ta ji an faɗe su da wasu kalmomi, da farko abin ya dame ta, har tana gyara wa mai karatun tana cewa a'a ba haka aka ce ba. Daga baya ta saba, har ta ce min wasu wuraren a wasiƙun Bulus yanzu ne ta gane abin da ake nufi. Duk da haka in za ku saya wa tsoho ku tambaya wace fassara ce a ciki, ku sa a kunna muku a shagon ku ji da kunnenku. Kuma babu waƙoƙi a ciki ko ɗaya, da an sa ko guda ashirin ne daga waƙoƙin sujada da muke yi da abin ya cika, don Inna ba ta rufe addu'ar safe sai da waƙa.

Yanzu bari in faɗi abin da ya sa duk da waɗannan ƙorafe-ƙorafen nake cewa ban yi asarar kuɗina ba. Shekarun nan ba su zo wa kowa da sauƙi ba, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 kuɗin mota zuwa gida ya ninka ya sake ninkawa, da nakan je wa Inna duk wata yanzu sai in yi wata uku ban leƙa ba. Taki ya fi ƙarfin ƙanena, gonar da ke nesa da gari kuma an daina zuwa saboda tsoron masu ɗaukar mutane, sai ta bayan gida kawai ake nomawa. Akwai daren da aka ji harbi ta wajen wani ƙauye kusa da su, kowa ya kashe fitila aka yi tsit. Ƙanena ya ce min da ya leƙa ɗakin Inna ya same ta kwance da na'urar a ƙarƙashin zane ta rage murya ƙasa ƙasa tana jin Zabura 91, yaran duk sun taru sun manne mata. Harbin bai tsaya don ta kunna shi ba, kuma washegari sai da suka kai matan da yara gidan kawunmu a cikin gari suka yi sati, amma ya ce a daren nan babu yaron da ya yi kuka.

Kuma ta koma mai wa'azi a waya. Da in na kira ta sai lissafin ciwo, ƙafa, baya, ido. Yanzu sai ta ce 'yar nan kin san labarin gwauruwar nan ta Zarefat da ta rage da ɗan gari a tukunya da ɗan mai a kwalba tana tsintar itace ta yi abincin ƙarshe ita da ɗanta? Na ce na sani Inna, Sarakuna na Ɗaya sura 17. Ta ce toh ki lura, ba a cika mata rumbu ba fa, kullum na ranar kawai take samu a tukunyar. Lokacin da ta faɗa min wannan ina bin mutane kuɗin ɗinkin Ista ba su biya ba, mai shago yana min maganar haya, kuɗin makarantar yara ga shi ya zo, na zauna gaban keke na kasa ko zura zare. Ban ce mata komai game da halin da nake ciki ba, ita dai abin da ta ji da safe take ba ni. Na daɗe ina jin wa'azi kan wannan sura amma ban taɓa lura da abin da ta lura da shi ba, kuma shi ya riƙe ni a watan nan, na daina kwana ina lissafin shekara, in na samu na cefanen yau in gode in kwanta.

Ta ji Ayuba gaba ɗaya, sura 42, a cikin kwana huɗu, ta ce abokan nan nasa sun cika surutu gara da suka yi kwana bakwai ɗin farko ba su ce komai ba. Tun daga nan in an yi rasuwa a unguwa takan sa jika ya ja ta, ta je ta zauna kusa da mai makoki ta yi shiru, in an nema ta kunna Zabura guda ɗaya. Har maƙwabciyarta da ba ta zuwa coci takan shigo da yamma ta ce Inna kunna mana labarin Yusufu, su zauna su ji yadda 'yan'uwansa suka sayar da shi.

Wani ya ce min ai da waya na saya mata mai manhajar Littafi Mai Tsarki tunda akwai masu karatu da murya kyauta. Gaskiya ne akwai, ni ma ita nake amfani da ita. Amma tsohuwar da ba ta gani ba za ta iya shafa gilashi ba, kuma duk wanda ya san gidan ƙauye ya san waya ba ta zama a hannun kaka, kafin sati jikoki sun ɗauke suna kallon bidiyo sun cinye cajin. Wannan kuwa babu abin da yake yi sai karatu, shi ya sa babu mai ɗauke mata. Ta ɗinka masa 'yar jaka da ƙyalle ta rataya a wuya.

Shawarata ga mai son saya, kada ki aika da shi ta hannun direba ki ce kin gama. Ki je da kanki ki kwana biyu, ki kama yatsan tsohuwar ki ɗora kan maɓallan har hannun ya haddace, ki koya wa yaro ɗaya mai hankali a gidan yadda ake nemo sura. Ki haɗa da igiyar caji ta biyu, ki nemi leda mai kauri saboda ruwa don ban ga alamar yana jure jiƙa ba. Ga wanda idonsa lafiya kuma yana son nazari yana bin aya da aya yana ja da biro, wannan ba naka ba ne, littafinka na takarda ya fi maka.

An ce mana yanar idon ana iya cire ta da aiki, muna tara kuɗin mota da na magani, muna sa rai bayan kaka in an sayar da ɗan waken suya mu kai ta asibitin ido, ku sa mu a addu'a. Da na gaya mata sai ta ce in Ubangiji ya yarda ta sake gani, littafinta na cikin kwalla za ta fara buɗewa, na'urar kuma ta riga ta yi wa wata tsohuwa a bayan layinsu alkawarinta, wadda ita ko baƙi ɗaya ba ta taɓa koya ba. Ramin cajin ne nake so a gyara kafin lokacin, gobe zan kai wa mai gyaran waya hotonsa in ji ko zai iya.