Wata takwas da kujerar lilo ta gwanjo

A shagon wani mai kayan ɗaki na gwanjo na gan ta, an jingine ta bayan firji. Tambarin da ke ƙarƙashinta ya goge, don haka ba zan jingina ta ga wani kamfani ba, amma ƙirar wani sanannen kafinta mai suna Thonet ce sak: katakon gefenta ya murɗe kamar igiya, mazauni da majingina kuma saƙa ce.

Kafintan unguwarmu ya daɗe yana shafa murɗin, sannan ya ce, "Alhaji, wannan ai ba sassaƙa ba ce." Gaskiyarsa. Turara katakon ake yi har ya yi laushi, a lanƙwasa shi a jikin ƙarfe, a bar shi ya bushe a haka. Michael Thonet, kafinta ɗan garin Boppard a Jamus, shi ya kai wannan dabara matakin masana'anta bayan ya koma Vienna a 1842. Kujerarsa mai lamba 14 ta 1859 katako shida ce kacal da 'yan kusoshin murɗi, har ana cusa guda 36 a warware cikin akwati ɗaya. Ta lilon ta fito a 1860.

Abin da ya kama ni shi ne zaman. Da yake ba a yanka jijiyar katakon ba, yana ɗan bayarwa idan na jingina, lilon kuma a hankali yake tafiya, ba fizga. Bayan sallar isha'i nakan yi awa guda a kanta, bayana bai taɓa yi mini ƙorafi ba. Ba ta da nauyi, da hannu ɗaya nake fitar da ita tsakar gida. Sai dai tana cin wuri, ƙafafunta dogaye ne, sau biyu ƙaramin ɗana yana tuntuɓe da su.

Hunturu ne ya nuna mini rauninta. Saƙar ta bushe, zare uku suka tsinke, kusoshi suka saki har ta fara kuka. Kusoshin na ɗaure da kaina cikin minti goma. Saƙar ce ta wahalar da ni: sai da na yi mako uku ina cigiya kafin na samu wani dattijo da ya iya ta. Shi ya ce in riƙa goge ƙasanta da jiƙaƙƙen tsumma duk mako har damina ta faɗi, kuma haka nake yi.