Dracula ko Frankenstein, wanne zaka fi jin daɗi?

Ɗan uwa naga tambayarka, kace ka gama Dracula ko tsigar jikinka bata tashi ba, wai ko Frankenstein zai fi. Duka biyun na karanta, kuma ni banga laifinka ba.

Dracula na Bram Stoker ne, 1897. Babi huɗun farko kam ba wasa, inda Jonathan Harker yake kulle a tsohon gidan nan na Taransilbaniya ya leƙo ta taga cikin dare ya hango mai gidan, wato Dracula, yana sauka ta jikin bango kai a ƙasa kamar ƙadangare, wallahi nan sai da na waiga bayana. Sai jirgin ruwan da ya iso garin Whitby na Ingila ba kowa ciki sai gawar kyaftin ɗaure a jikin sitiyari. Daga nan fa labari ya kwanta, shi gogan ma sai ka nema ka rasa, yawanci wasiƙu ne da diyari, a yiwa Lucy, budurwar da yake shan jininta, ƙarin jini har sau huɗu, Van Helsing, dattijon likitan da ke jagorantar farautarsa, yayi ta zuba kamar kanya, a zauna mitin a tashi a sake zama, ƙarshe kuma cikin 'yan layuka aka gama dashi.

Frankenstein ya girme shi, 1818 ya fito, Mary Shelley ta fara rubutashi tana shekara 18. Amma in firgita kake nema to nan ma babu. Wancan dodon mai ƙusa a wuya na fim ɗin 1931 ne. Frankenstein ma sunan Victor ne wanda ya harhaɗa shi, shi halittar ko suna bai samu ba, kuma magana yake tiryan-tiryan, laɓewa yayi jikin bukkar wasu talakawa har ya koyi yare, da dare ya yo musu itace a ɓoye, ranar da ya nuna musu fuskarsa aka rufe shi da duka. Wajen nan ya tsaya min a rai sosai.

Shi Dracula mugu ne kawai ana farautarsa, wasu ne ke baka labarinsa. Halittar Victor kuwa da bakinsa yake faɗa maka abinda aka masa har ka rasa wa zaka ɗorawa laifi. Victor dai ya ban haushi, ya jawo masifa ya gudu ya kwanta zazzaɓi wata da watanni.

Ni na biyun nafi so, ya kuma fi gajarta nesa ba kusa ba. Ka dai daure da wasiƙun Walton, wani kyaftin ɗin jirgin ruwa, da aka buɗe littafin dasu, guda huɗu ne kacal.