Mint ko Ubuntu: amsa ga Malam mai tsohuwar kwamfuta

Wa'alaikumus salam Malam. Ka tambaya wanne za ka saka wa tsohuwar kwamfutarka tsakanin Mint da Ubuntu, nau'o'i biyu na Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows. Linux Mint za ka saka. Tunda ka ce RAM ɗinta, wato ma'ajiyar da take aiki da ita a lokacin da take kunne, 4GB ne kuma Windows 11 ta ƙi hawa, ka ɗauko nau'in Xfce, shi ne mara nauyi. Jerin Mint 22 da ya fara fitowa a 2024 zai ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029, ita kuwa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025 aka rufe tallafinta na yau da kullum.

Shi na saka wa mahaifina, malamin makaranta ne da ya yi ritaya, a wata tsohuwar laptop ƙirar ThinkPad da muka riga muka cire rai da ita. Abin da ya fara ba shi sha'awa shi ne ganin maɓallin buɗe manhajoji a ƙasa ta hagu, inda ya saba ganinsa a Windows 7. Sai na zaɓar masa tsarin rubutun Hausa da ke cikin saituna, ƙ da ɗ da ɓ suka riƙa fitowa ba tare da ya je kwafowa daga wani wuri ba. Yanzu kullum bayan sallar asuba yana zaune yana buga tarihin gidanmu, kwamfutar ko ɗumi ba ta cika yi ba. Wallahi hakan na faranta min rai.

Ubuntu ma ba laifi, ai a kansa aka gina Mint. Amma fuskarsa ta GNOME ta fi cin RAM, fayil ɗin saukewa na Ubuntu 24.04 ya kai wajen 6GB alhali na Mint kusan rabin haka ne, ga manhajojinsa da ake kira Snap da ke sabunta kansu ba tare da sun tambaye ka ba. Mai sayen data da kuɗinsa ya san zafin wannan.

Kowanne ka ɗauka akwai inda zai ɓata maka rai, gara ka sani tun yanzu. Wasu kwamfutocin, musamman masu katin Wi-Fi na kamfanin Broadcom, Wi-Fi ba ya kamawa da farko. Ka jona wayarka da kebul ka ba ta intanet, ka buɗe Driver Manager na Mint, ya sauko da direban, wato manhajar da za ta sa katin ya yi aiki. Takardar da ka tsara a LibreOffice, madadin Microsoft Office a Linux, kuma tana iya karkacewa idan aka buɗe ta da Word a shagon firintin, domin haruffan ba iri ɗaya ba ne, don haka ka mayar da ita PDF kafin ka fita. CorelDraw da Photoshop ba su da na Linux. In da su kake cin abinci, kada ka goge Windows. Ka kunna Timeshift, manhajar da ke adana kwafin tsarin kwamfutar, tun ranar farko, in sabuntawa ta lalata wani abu sai ka koma yadda take jiya.

Ba ka tambaya ba, amma in za ka ƙaro wata kwamfutar a kasuwa ka buɗe ido. Akwai masu nuna maka sitikar Core i7, alamar furosesa mai ƙarfi, alhali zubin shekara goma sha da suka wuce ce, da masu cewa SSD, ma'ajiyar zamani mai sauri, ne a ciki ka iske tsohon faifai mai juyawa. Mafi muni ita ce wadda aka kulle BIOS ɗinta, wato saitunan da ke tayar da kwamfutar, da kalmar sirri, domin tana iya hana ka tayar da ita daga filashi. Ka tafi da Mint a filashinka, ka kunna a gaban mai shago ba tare da ka girka ba, ka gwada Wi-Fi da sauti da kyamara, a zare caja ka ga yadda batirin ke sauka. In ya hana gwaji, ka riƙe kuɗinka. Kuma kada wani ya sayar maka da lasisin Linux, kyauta ne, kuɗin aikinsa kawai za ka biya.