Maradi, Dubai, Istanbul ko Alƙahira: kafin ka sayi gidan hutu, wa zai riƙe maka makulli?

Juma'ar da ta wuce muna zaune a majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura bayan La'asar, sai ƙanin mai ɗakina ya jawo kujera kusa da ni ya miƙo mani wayarsa. Hoton wani bene ne, gilashi tun daga ƙasa har sama. Ya ce, "Yaya, ka ga wannan? Dubai ne. Sun ce in ba da kafin alƙalami yanzu, sauran a hankali." Na ce mashi, "To madalla. Wa zai riƙe maka makulli?" Ya yi dariya, ya zaci zolaya ce. Ni kuwa da gaske nake. Shekara bakwai ke nan ina da ɗan gida a waje, kuma duk ɓacin ran da gidan nan ya taɓa jawo mani, sanadinsa makulli ne.

Bakatsinen da ya sayi gidan hutu a wata ƙasa, in ya daɗe a ciki ƙwarai ya yi wata biyu a shekara: dogon hutun yara, ko zuwa ganin likita, ko gudun zafin bazara. Sauran wata goman gidan yana can shi kaɗai, kuma ba azumi yake yi ba. Yana cin kuɗin wuta da na ruwa da na shara da na gyaran lif, kuma ba naira yake ci ba. Wanda ya yi lissafinsa a farkon 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, ya ga yadda lissafin ya watse da ta haura 1,500 a 2024. Shi ya sa ni abin da nake aunawa shi ne nawa gida ke ci yana rufe, wa ke leƙa shi, kuma in wani abu ya fashe da tsakar dare, kwana nawa zan yi kafin in isa.

Zuciyar kowa Madina take fara zuwa, amma tsohuwar doka ta daɗe tana hana baƙo mallakar gida a Makka da Madina, sabuwar dokar da Saudiyya ta amince da ita a 2025 ma ta kewaye biranen biyu da sharuɗɗa na musamman. Landan ban sa ta cikin lissafi ba. Tun Afrilun 2025 ƙananan hukumomin Ingila suna da ikon ninka haraji a kan gidan da ba mazaunin kowa ba ne na dindindin, ga sanyin da ke fasa bututu.

Dubai zan ba ta haƙƙinta a wuri ɗaya: takarda. Tun 2002 aka ba baƙi damar mallaka a unguwannin da aka ware, hukumar filaye tana rajistar komai, ka biya kashi 4 cikin ɗari na kuɗin gida a sa sunanka. Gidan da ba a gama ginawa ba kuma, dokar 2007 ta tilasta a zuba kuɗinsa a asusu na musamman na wannan ginin, don haka duk wanda ya turo maka lambar asusunsa na kansa ka san inda ya dosa. Daga nan sai ɗawainiya. Kuɗin hidimar bene ana lissafa shi ne bisa faɗin gidanka duk shekara, ka kwana ko ba ka kwana ba. Da zafi ba a kashe esi gaba ɗaya, in ka kashe, laima ta sa katifa da labule su yi fumfuna. Kuma kada a manta, daga Oktoban 2022 har Yulin 2024 ba a ba 'yan Najeriya biza. Wanda ba shi da takardar zama sai dai ya zauna a Katsina yana kallon gidansa a waya, kuɗin hidima na tafiya. Bizar shekara 10 da dillalai ke yi wa mutane romon baka da ita sai gida ya kai dirhami miliyan 2.

Istanbul ta yi kyau ga mai zuwa sarin kaya na mako ɗaya, otal ya ishe shi. Ga kuɗin hidimar bene na wata-wata da suke kira aidat, ga inshorar girgizar ƙasa ta dole, ga harshen da ba ka ji, sannan tun 2024 ba ka isa ka ba da hayar 'yan kwanaki ba sai da lasisi da amincewar duk masu gidajen benen.

Maradi kuwa ina jin ta a raina, don gida ce. Ta Jibiya ka bi Ɗan Isa, tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba, Hausa ɗaya, tuwo ɗaya, har yau ma sarkinsu Sarkin Katsina ake ce mashi. Mutanen Daura su kuma ta Kongolam suke bi zuwa Matamaye da Damagaram. Riƙon gida a can irin wanda ka sani ne: ka sa maigadi, ka share indararo kafin damina, ka yi feshin gara, ka duba kwano. In an kira ka da safe, kafin Azahar kana ƙofar gidan. Sai dai iyaka ba ta da tabbas. An rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024. Ga halin da hanyar Jibiya ta shiga, ga sefa da ke ɗaure da yuro tana ta yi wa naira nisa. In za ka saya, kada takardar mai gari kaɗai ta ishe ka, nemi takardar mallaka ta gwamnati wadda suke kira titir fonsiye. Amma ka gudu daga zafin Katsina ka faɗa zafin Maradi, ina hutun yake?

Ni Alƙahira na zaɓa, kuma ko yau aka dawo mani da kuɗina can zan koma.

Jirgi yana tashi daga Kano kai tsaye, ba sai ka je Legas ko Abuja ba. Gidana ɗaki biyu ne da falo a hawa na huɗu na wani tsohon bene a Madinatu Nasr, ba cikin sababbin rukunonin nan masu ƙofa da 'yan sintiri ba. Da gangan na yi haka. Sababbin suna karɓar ajiyar kuɗin gyara mai tsoka tun wajen saye, bayan nan kuma su riƙa aiko da ciko, kuma ko burodi za ka saya sai ka hau mota. A unguwarmu kuwa kana saukowa ga mai burodi, ga kantin magani, ga masallaci, ga mai guga. Hayyul Ashir ba nisa, inda ɗalibanmu na Azhar suka cika, in Hajiya ta yi marmarin kuka ko daddawa ba a rasa wanda ya zo da su. Asibitoci kuma, waɗanda su ne suka fara kai yawancinmu Masar, suna nan birjik.

Abin da ya fi komai daraja a benen shi ne bawwab. Kusan kowane bene a Alƙahira yana da shi: mutum ne da ke zaune da iyalinsa a ɗan ɗaki a ƙasa, yawanci daga kudancin ƙasar suke zuwa, shi ke wanke matakala, ya kwashe shara, ya kunna injin tura ruwa sama, ya san wanda ya shiga da wanda ya fita. Namu dattijo ne mai jallabiya da rawani, "Ya Hag" yake ce mani. Mazauna bene ne ke haɗa mashi albashi, kason da ke kaina har da kuɗin lif bai kai abin da nake kashewa a man janareta na mako guda a Katsina ba. Wuta ta kati ce, in ba ka nan ɗan kuɗin mita kawai ake cira. Gas ta bututu yake zuwa. A 2023 da 2024 da suka yi rabon wuta, ana ɗaukewa awa biyu ko uku a rana, maƙwabtana kamar su yi kuka, ni kuwa dariya nake ƙunshewa. Ruwan sama ba wani na kirki, babu gara, babu rufin da zai yi yoyo. Abokin gabarka ƙura ce, musamman iskar hamsin da ke tasowa tsakanin Maris da Mayu. Ko ka rufe tagogi ruf za ka tarar da ita kwance a kan tebur har ka rubuta sunanka da yatsa. Mu da muka saba da hunturu wannan ba labari ba ne. Tsofaffin zannuwa ake lulluɓe kujeru da su. Kuma fam ɗin Masar shi ma ya sha ƙasa, a Maris 2024 ya faɗi daga wajen 31 zuwa kusan 50 a dala, don haka bai tsere wa naira irin yadda dirhami da sefa suka yi ba.

Yanzu ga inda na ƙone. Shekarar farko na ga bai kamata in ba bare makulli ba alhali ga namu, sai na ba ɗan wani amini na da ke karatu a can. Yaro mai ladabi, ba ya gaishe ni a tsaye. Ashe tun ban sauka Kano ba ya mai da gidan masauki, yana karɓar kuɗi daga marasa lafiyar da suka zo daga gida. Wata rana aka ɗauke ruwa, wani baƙo ya buɗe famfon banɗaki ya ga ba ruwa, ya bar shi a buɗe, suka kama hanyar filin jirgi. Ruwa ya dawo da dare. Sai da ya kwana biyu yana zuba. Bawwab yana ganin ruwa na biyo matakala amma ba shi da makulli, yaron kuma ya kashe waya. Silin ɗin maƙwabcina na hawa na uku ya kumbura ya zubo a kan gadonsa. Ni na biya fenti, na biya katifa, na biya kafet, na kuma kwashi kunyar da har yau in mun haɗu a lif sai na sunkuyar da kai. Da na kai ƙara wurin uban yaron, cewa ya yi, "Haba Alhaji, ai ɗanka ne." Shi ke nan, magana ta mutu, don wa zai ɓata zumuncin shekara talatin a kan katifa?

Tun daga ranar, in zan taho, da hannuna nake rufe babban famfon da ke shigo da ruwa gidan, in rufe gas, in kwashe firji in bar ƙofarsa a buɗe, in toshe magudanan banɗaki saboda wari da kyankyasai. Makulli ɗaya yana wurin maƙwabcin nan da na jiƙa, cikin ambulan da na liƙe na sa hannu. Bawwab ya san inda yake. In an buɗe ambulan, zan gani.

Sai maganar 'yan damfara, wadda ta fi duk abin da na faɗa nauyi. Mafi yawan gidajen Masar ba su da rajista a ofishin da suke kira Shahrul Aƙari, da takardar yarjejeniya ta farko ake ta saye da sayarwa. Dillali zai nuna maka takardar kotu mai tambarin gaggafa ya ce komai ya kammala. Karanta sunanta. In sihhatu tauƙi'i ce, abin da kotu ta tabbatar kawai shi ne sa hannun mai sayarwa nasa ne, ba ta ce gidan nasa ba ne. Mutum zai iya sa hannu na gaske ya sayar maka da gidan da magada biyar ke da haƙƙi a kansa. Wadda ta fi ta ƙarfi ita ce sihha wa nafaz, wadda ake bi a kai ga rajista. Ka nemi a nuna maka silsilar takardu tun daga mai filin har zuwa wanda ke gabanka. Ka sauka ƙasa ka dubi mitar wuta: in irin wadda suke kira kodi ce, mai lamba ba suna, alama ce cewa ginin ko wannan hawan an yi shi ba bisa izini ba. Hawa na sama-sama mai araha fiye da kima, sau da yawa ƙari ne da aka ɗora a kan abin da lasisi ya yarda.

Mafi haɗari ita ce takardar wakilci, taukil. Za a ce maka, "Alhaji, kai da ba mazauni ba, sa hannu nan mu riƙa biya maka kuɗin wuta." In a cikinta akwai ikon sayarwa ga kansa ko ga wani, ka ba da gidanka kyauta, kuma irin wannan ba ta sokuwa da son ranka kai kaɗai. Na san wani ɗan kasuwa daga nan garin da ya je da iyalinsa hutu, ya sa makulli ya ƙi shiga, wata mata ta buɗe daga ciki tana tambayarsa wa yake nema. Wakilcin kula da gida kaɗai za ka bayar, a rubuta abin da aka yarda ya yi ɗaya bayan ɗaya. Kuma kada tafintanka ya zama shi ne dillali, kada lauyanka ya zama wanda mai sayarwa ya kawo. Abin takaici, masu kai mu ga ramin yawanci namu ne, masu Hausa a baki, da ke tallar gidaje a Facebook da WhatsApp suna cewa saura guda biyu. La'adarsu biyu suke ci, ta wurinka da ta wurin mai gida, sannan su ɗora nasu a kan farashi. Duk wanda ya hana ka ganin mai gida ido da ido, ko ya ce a biya ta hannun ɗan canji ba tare da shaidar banki ba, tashi ka kaɗe rigarka.

Ƙanin nawa ya saurara har aka kira Magariba. Da muka tashi ya ce, "To Yaya, in bi ka wannan hutun in gani?" Na ce ya zo, amma ba a gidana zai sauka ba. Akwai na haya a hawa na biyu, ya kama shi wata ɗaya da kuɗinsa, ya sayi katin wuta da kansa, ya yi ciniki da mai gyaran famfo da Larabcinsa na Islamiyya. Ya ce zai yi shawara da matarsa. Hoton benen Dubai dai na ga har yanzu bai goge shi daga wayar ba.