Masu wankin farfajiyar da suka tafi da dattinsu

Motata ta yi kusan wata uku tana ɗigar da baƙin mai a wuri guda kafin na kai ta gareji, don haka intalok ɗin hanyar shiga gidana ya yi wani baƙin tabo mai faɗin tabarmar mutum ɗaya. Can bayan gida kuma, dandamalin da muke zama da yamma, gefen da rana ba ta kaiwa, gansakuka ta lulluɓe shi har mahaifiyata ta zame rannan, Allah ya tsare ba ta kai ƙasa ba. Dole a wanke. Amma na ƙudura cewa ba irin wankin da aka yi mini shekara biyu baya za a sake ba.

Wancan karon mai aikin ya zo da injinsa, ya kunna, ya kora komai zuwa bakin titi. Ina tsaye ina kallon mai yana sheƙi launi-launi a saman ruwan, ga kumfar sabulu, ga laka, duka suna gangarawa magudanar ruwan sama. A yawancin wurare wannan magudanar ba ta ratsa wata matata, kai tsaye take zuwa rafi ko kogi. Gidana ya yi fes, amma abin ya daɗe yana damuna.

Shi ya sa wannan karon na nemi waɗanda suka ce suna kwashe ruwan wankinsu. Su biyu suka zo a wata motar kaya mai tanki. Babbansu bai taɓa inji ba sai da ya zagaya gidan, sannan ya ce a ba shi bokiti ɗaya na ruwa. Ya kwara a tsakiyar hanya, ya tsaya yana duban inda ya nufa. Inda ruwan ya taru nan suka jera dogayen buhunan yashi, suka rufe bakin magudanar da wata tabarmar roba mai nauyi. Daga nan sai tsintsiya da shebur. Sun fi awa guda suna shara da kankarar ciyawa daga tsakanin tubalan, ko ɗigon ruwa ba su zuba ba. Da na yi magana, sai ya ce, "Alhaji, dattin da ruwa bai taɓa ba ya fi sauƙin kwashewa. Da zarar ya jiƙe, sai mun tace shi." A kan tabon man kuwa garin yumɓu suka barbaɗa, suka murza da ƙafa, suka bar shi ya tsotse, sannan suka kwashe cikin wata ganga mai murfi da ba a haɗa ta da komai ba.

Injin nasu ba irin mai bindiga ɗin nan ba ne da ke fantsama ruwa ko'ina. Wani faifai ne mai rufi da ake turawa, a ƙarƙashinsa bakunan feshi suna juyawa, a jikinsa kuma akwai tiyo na biyu, mai kauri, da ke zuƙe ruwan nan take ya kai shi tanki. Na hau motar na leƙa. Yashi yana kwantawa a ƙasa, mai yana tasowa sama ana yaɗe shi, sauran ruwan ya bi ta matatai ya koma ga injin don wankin farko. Ɗauraya ta ƙarshe kaɗai suka yi da ruwan famfona. Irin waɗannan injinan na 'yan sana'a suna shan lita 10 zuwa 15 a minti ɗaya, wato lita 600 zuwa 900 a awa. Duk wanda ya yi wannan lissafin zai gane me ya sa juya ruwan yake da muhimmanci.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne baƙar lakar da babban nasu ya ɗebo daga gindin tankin da hannunsa cikin safar roba. Ni na ɗauka ƙasa ce kawai. Ya murza ta a yatsa, ta yi laushi kamar kwalli, ya ce akwai garin taya a ciki, wanda ke goguwa duk lokacin da mota ta juya ko ta taka birki. Nan na tuna abin da na karanta: a 2020 masu bincike a Jami'ar Washington da ke Amurka sun gano cewa wani sinadari da ake kira 6PPD, wanda ake sa wa taya don kada ta tsattsage, yana rikiɗa ya zama guba, kuma shi ke kashe wani nau'in kifin salmon a rafukan da ruwan titi ke shiga. Ban taɓa kawo wa raina cewa 'yar hanyar gidana tana da hannu a irin wannan ba.

Sun raba sharar yadda ya kamata. Gansakuka da ciyawar da aka kankaro daga bayan gida suka zuba mini a ramin takina, bayan sun tambaye ni. Ta gefen mota ba su ba ni ba, saboda mai ya taɓa ta. Tsohon yashin da ya fito suka tankaɗe, suka cike wani kwari a gindin katanga. Jarkokin sabulunsu masu lamba 2 a cikin alamar kibiyoyi uku ne, robar da ake iya narkarwa a sake ƙerawa, kuma ya ce mayar da su suke yi a sake cika musu.

Sai dai akwai inda ban ji daɗi ba. Wasu fararen tabo masu taurin kai a kan dandamalin sun ƙi fita, sai suka sa bilic. Gaskiya sun jiƙa shukokin tukuna, sun rufe su da tamfol, sun kuma zuƙe wannan ruwan daban ba su mayar da shi inji ba. Duk da haka ciyawar da ke bakin dandamalin ta yi rawaya, faɗin tafin hannu, tsawon gefe guda. Da sun tambaye ni, da na ce a bar tabon. Mutanen da suka nemi izinina kafin su zuba gansakuka a rami bai kamata su buɗe jarkar bilic ba tare da sun faɗa ba, tunda sun fi ni sanin yadda yake ƙona shuka da kashe halittun ruwa.

Na biyu, takardar shaidar inda suka kai gangar mai da lakar. Sun yi alkawarin turo hotonta, sai da na kira sau biyu kafin ta zo. Ta zo ɗin, da kwanan wata da nauyin kayan, amma wannan ita ce hujjar aikin gaba ɗaya, ba abin da za a roƙa ba ne.

Aikin ya ci yini guda cur, ƙarar inji biyu kuma ba ta da daɗi. Sun dawo bayan kwana biyu don zuba sabon busasshen yashi a tsakanin tubalan, domin jiƙaƙƙen wuri ba ya karɓarsa, in kuma an bar ramukan fayau tubalan za su fara motsi. Tabon man bai fita duka ba, saura wata inuwa, kuma sun gaya mini haka tun kafin su fara, don man da ya yi watanni ya riga ya nutse cikin siminti.

Zan sake kiransu. Na riga na gaya wa babban nasu cewa karo na gaba ruwan zafi za a gwada a kan dandamalin, ba bilic ba, ya ce suna da injin. Ciyawar ta fara tohowa daga gefen katanga, ni kuma na ajiye farantin ƙarfe a ƙarƙashin motar.