Daddoya da na'ana'a: dangi ne, amma kowacce da aikinta

'Yar'uwa, kin tambaya ko daddoya ita ce na'ana'a, saboda kin aiki yaro kasuwa ya sayo miki na'ana'ar shayi ya dawo da wani ganye mai faɗi, mai kayan miya kuma ya rantse masa duk ɗaya ne. Kin kuma ce kina son sanin wacce ta fi amfani ga ciwon ciki da mura. To, mai kayan miyan nan ya so ya sayar da hajarsa ne kawai. Daddoya ce yaron ya kawo miki.

Ban ga laifin mai rikita su ba, don gidansu ɗaya. Masana tsirrai sun sa su cikin zuriyar da suke kira Lamiaceae, kuma alamar gidan tana jikinsu duka biyun. Ki kama karan kowacce ki mirgina shi tsakanin yatsu, za ki ji yana da kusurwa huɗu, ba mulmulalle ba ne. Ganyen kuma biyu-biyu yake fitowa, wannan yana kallon wancan. Daga nan kamar ta ƙare.

Daddoya ƙaramin itace ce. In ta samu wuri tana wuce tsayin mutum, gindinta ya yi tauri ya zama ice, ta shekara da shekaru a tsaye. Ganyenta ya kai tsawon yatsa ko ya fi, da ɗan gashi-gashi, gefensa kamar haƙoran zarto. Tana fitar da ƙananan furanni farare a kan tsinke, su bushe su zubar da iri, shi ya sa da damina za ki ga 'ya'yanta sun tsiro barkatai a gindin katanga ba wanda ya shuka. 'Yar ƙasa ce, asalinta yankunan zafi na Afirka har zuwa kudancin Asiya. Yarbawa na ce mata efinrin, Ibo na cewa nchanwu, a Gana kuma nunum. Sunanta na kimiyya Ocimum gratissimum, wanda masanin nan ɗan Suwidin, Linnaeus, ya raɗa mata a 1753, kuma kalmar ta biyu a Latin tana nufin wadda ta fi daɗaɗa rai. Da alama shi ma ƙamshin ya kama shi.

Na'ana'a kuwa baƙuwa ce, daga Turai da yammacin Asiya, sunan ma daga Larabci muka aro shi. Ba ta tsayi, da ƙyar take wuce gwiwa, yaɗo take yi ta ƙarƙashin ƙasa tana ɓullowa nan da can. Ganyenta ƙarami ne, a yamutse. Ga son ruwa kamar me. Na taɓa dasa su tare a bayan ɗaki, kusa da inda ake wanke-wanke. Da bazara ta kama, aka yi kwana uku famfo bai kawo ruwa ba, na'ana'ar ta kwanta ta ƙone ƙurmus. Daddoyar ta ɗan langaɓe da rana, da yamma ta miƙe abinta.

In ido ya ruɗe ki, hanci ba zai ruɗe ki ba. Ki murza ganyen a tafin hannu ki shinshina. Na'ana'a sanyi take bugowa. Daddoya ɗumi take bugowa, da ɗan yaji-yaji. Dalili shi ne man da ke cikin 'yan ƙananan ƙuraje a jikin ganyen ba iri ɗaya ba ne. A daddoya akwai wadda manta ya fi yawan sinadarin eugenol, shi ne dai na kanumfari, akwai kuma wadda ta fi yawan thymol, na tayim ɗin da muke barbaɗawa a dafa-duka, kuma irin wannan ta biyun tana da yawa a nan Afirka ta Yamma. Saboda haka in kin ji daddoyar maƙwabciyarki na ƙamshin kanumfari taki kuma na ƙamshin tayim, babu ta jabu a ciki. Na'ana'a ma kala-kala ce. Ta shayin Buzaye da Larabawan Maroko, wato Mentha spicata, sinadarinta carvone ne, mai taushin ƙamshi. Wadda take da mentol sosai, irin wanda kike ji a Robb da alewar Tom Tom, wata 'yar'uwarta ce daban, Mentha piperita.

A girki ban taɓa ganin sun yi canjin aiki an ji daɗi ba. Farfesun kayan ciki ko na tarwaɗa, daddoya ce ke kashe ƙarni, a yayyanka a zuba ana dab da saukewa, don in ta daɗe a wuta ƙamshin ya bi tururi. Ki gwada sa ta a butar shayi, za a ce miki farfesu kika ba mutane a kofi. Na'ana'a kuma a miya kamar an matsa man goge baki take yi.

Sai batun magani, wanda na san shi ne ainihin abin da ya dame ki. Iyayenmu suna tafasa daddoya a sha don murɗar ciki da gudawa da tari, a yi suraci da ita in zazzaɓi ya kama mutum, a murza ɗanyen ganyen a shafa wa ƙuraje da makero. Ba shaci-faɗi suka yi ba. Eugenol da thymol duka suna kashe ƙwayoyin cuta. Likitocin haƙori sun daɗe suna amfani da eugenol wajen cikon haƙori na wucin gadi, thymol kuma yana cikin ruwan kurkure baki irin Listerine. An kuma gwada man daddoya a ɗakin gwaje-gwaje ya hana ƙwayoyin cuta da dama yaɗuwa, an ba ɓeraye ruwanta sukarin jininsu ya sauka. Amma yawancin binciken a nan ya tsaya, a faranti da jikin ɓera. Mai ciwon suga da ya ajiye ƙwayarsa ya koma kan daddoya zalla, caca yake yi da ransa.

A wannan fagen na'ana'a ta ɗan sha gabanta, don man Mentha piperita an gwada shi a kan mutane sau da yawa, an ga yana sassauta murɗa da kumburin masu ciwon hanji mai yawan tashi. Sai dai ki lura, kafso ne na man da aka tace aka auna, ba ganye biyar a shayi ba. Kuma yadda take saki hanji haka take saki bakin tumbi, don haka mai ƙwannafi in ya sha ta, wuta yake ƙara wa kansa. Ga mura kuwa, mentol yaudarar hanci yake yi. Yana taɓa jijiyoyin da ke jin sanyi sai ki ji kamar hanya ta buɗe, alhali toshewar tana nan. Sauƙi ne dai, ba a raina shi. Amma kada a shafa wa jariri man mentol a hanci ko a fuska, yana iya sarƙe masa numfashi.

Akwai wani tsohon labari kan sauro da nake son ba ki. A 1903 wani jami'in mulkin mallaka mai suna Larymore, da ke aiki a lardin Kabba, ya baza labari har Ingila cewa tukwanen daddoya a gefen gado suna korar sauro. Jaridu suka ɗauka. Sai wani likita a Saliyo ya gwada, ya tarar sauron ba su damu da shukar da ke tsaye ba. Ƙamshin sai an murza ganyen ko an ɗora shi a kan garwashi yake tashi sosai, kuma ko hakan ragewa yake yi na ɗan lokaci. Ki yi hayaƙinki da magariba, ki kuma saki gidan sauro.

In ni ce ke, ciki ya ɗan murɗa bayan cin wani abu, daddoya zan tsinka, ganye kaɗan a ruwan zafi. Kumburi da iska, na'ana'a. Mai juna biyu ta tsaya a iya abin da ake sa wa a girki, ban da dafaffen ruwa mai kauri. Yaro mai gudawa kuwa, kafin kowane ganye, ruwan gishiri da sukari ne: lita 1 ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In da jini a kashin, ko jikin ya yi zafi, ko ya ƙi shan komai, sai asibiti.

Wadda yaron ya sayo kada ki zubar. Ki cire ganyen ƙasa ki yi farfesu, ki tsoma karan a kofin ruwa a inuwa. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za ki ga fararen saiwoyi sun fito, sai ki dasa a gindin randa.